Filin Mata: Saƙar Da Ta Kwana A Akwati



Yau ina so kowace mai saƙa ta tashi ta buɗe akwatinta, ta ɗaga zannuwan nan na ƙasa. Na san abin da za a tarar a gidaje da yawa. Ga rigar sanyi an gama gaba da baya, hannu ɗaya ne babu. Ga safa ƙafa guda, 'yar'uwarta ko farawa ba a yi ba. Ga hular jariri tana nan a jikin kibiya, mai hular kuwa yau shi ake aike ya sayo gishiri. In kika gan su sai gabanki ya faɗi, ki mai da murfi maza, ki ce sai an sami sarari.

Na sha jin mata suna cewa, “Ni dai ragguwa ce, ba na gama abu.” Ban yarda ba. Macen da ta tashi tun asuba ta yi shara, ta yi wanki, ta ɗora tukunya sau uku, ta shirya yara makaranta, ba a kiranta ragguwa. Ki ɗauko saƙar ki duba ta da kyau, za ki ga a wani wuri ta tsaya, kuma akwai abin da ya tsai da ita a daidai wurin. In ba a gano wannan abin ba, ko an yi alkawari sau goma ba za a koma kanta ba.

Nauyin da kike ji a zuciya kuwa ba ke kaɗai ba ce. A 1927 wata masaniyar halayyar ɗan Adam mai suna Bluma Zeigarnik ta buga sakamakon gwajin da ta yi a Berlin, inda ta ba mutane ƙananan ayyuka, ta bar su suka gama waɗansu, ta katse su a tsakiyar waɗansu. Sai ta ga sun fi tuna waɗanda aka katse. Masanan da suka sake gwajin daga baya ba duka suka sami abin da ta samu ba, amma mai saƙa ta san zancen tun kafin a gaya mata. Rigar da ta gama ta bayar ta manta da ita, wadda ke akwati ita ke hana ta sakewa. To, maimakon ta koma kanta, sai ta ga sabon ulu mai kyawun launi a kasuwa ta saya, gama farawa ta fi kome daɗi. Haka ɗaya ke zama uku.

Babban abin da ke tsai da saƙa shi ne ƙarewar zare. An sayi dunƙule huɗu da zaton za su isa, suka ƙare a kafaɗa. Aka koma kasuwa aka sayo shuɗi, aka zo gida aka ɗora, sai ga shi shuɗin nan ba ɗaya ba ne da na farko. Ba mai kanti ne ya cuce ki ba. A masana'anta tukunya-tukunya ake rina zare, kamar dai yadda ake yi a karofi, kuma kowace tukunya da ɗan bambancinta. Shi ya sa a takardar da ke naɗe da dunƙulen za ki ga lamba biyu, ɗaya ta launi, ɗaya ta tukunyar rini. Kada ki yar da takardar nan. Abin da ya fi ma, ki sayi zarenki duka rana ɗaya, ki ƙara dunƙule guda a kai, in ya ragu ya yi hula. Wadda kuwa abin ya riga ya same ta, kada ta wahalar da kanta neman irinsa. Ta zaɓi wani launi dabam sarai, fari ko ja, ta yi hannuwa biyu da wuya da shi. Duk wanda ya gani zai ce ado ne aka yi da gangan.

Sai ɓatan lissafi. Kina tsakiyar rage idanun saƙa, watau 'yan madaukan nan da ke jere a kibiya, sai aka yi sallama, ko tuwo ya kama. Bayan wata biyu kika dawo, ba ki san layi na nawa kike ba, kuma hannu na biyu dole ya yi daidai da na farko. Nan ne mata da yawa ke sarewa. Maganinsa ba tsada: guntun takarda da fensir. Duk sa'ad da za ki ajiye saƙa, ki rubuta layin da kika tsaya, da yawan idanun da ke kibiya, da lambar kibiyar, ki soke takardar a jikin dunƙulen. 'Yan makaranta, wannan aikin naku ne ku koya wa iyayenku. Ga tsohuwar saƙa da ba ta da takarda, a shimfiɗa hannun da aka gama a tabarma, a ƙirga layukansa da rana tsaka, ba da fitila ba, a rubuta, sa'an nan a ci gaba.

Akwai kuma gajiya kawai, musamman a bayan riga, inda babu ado, sai layi bisa layi. Bari mu yi lissafi irin na aji. A ce bayan rigar yana da ido 100 a kowane layi, layi kuwa 120. Ido 12,000 ke nan, wanda jinsa kaɗai ya isa ya sa mutum ya kwanta. Amma in kin ɗauki layi 10 kowace rana bayan la'asar, kwana 12 kin gama. Ki fitar da saƙar daga akwati ki sa ta a kwando inda idonki zai riƙa faɗawa kanta. Ki kuma je gidan maƙwabciya mai saƙa ku zauna tare, hira tana cin layi fiye da yadda kike tsammani.

Amma fa ba kowace saƙa ce ta cancanci a gama ta ba, kuma nan nake so ku saurare ni da kyau. Jariri yakan ninka nauyin haihuwarsa wajen wata biyar, ya ninka shi uku kafin ya cika shekara. Rigar da aka fara domin ranar suna, in ta wuce wata shida a akwati, mai ita ya wuce ta har abada. In akwai wani mai zuwa a dangi, to, madalla, a gama a ajiye. In babu, ko kuwa tun farko ɗinkin bai kwanta miki a rai ba, ki zare kibiya ki warware. Waɗansu suna ganin warwarewa abin kunya ne, wai aikin wata guda ya tafi a banza. Ni a ganina wanda ya tafi a banza shi ne zaren da aka sa kuɗi aka saya, yana kwance ba ya ɗumama kowa, ga yaro yana tafiya makaranta da safe cikin hazo da rigar yadi ɗaya.

Zaren da aka warware yakan fito a murmurɗe, in aka saƙa shi haka aikin ba ya kyau. Ki naɗe shi a bayan kujera ya zama babban zobe, ki ɗaure shi wuri huɗu da wani zare, ki tsoma a ruwa mai ɗan ɗumi kaɗan. Kada ki cuɗa, kada ki murɗe, ki matse shi a hankali cikin tawul ki rataya a inuwa. In ya bushe zai miƙe kamar sabo. Ruwan zafi da cuɗa su ke sa ulu na gashin tumaki ya cure ya ƙanƙance, kuma in ya cure ba ya komawa.

Kafin ki yanke shawara, ki san irin zaren da ke hannunki, gama ba duk abin da muke kira ulu ne gashin tumaki ba. Da yawansa akirilik ne, watau zaren roba. Ki yanki ɗan guntu, ki riƙe shi da bakin almakashi a tsakar gida, ki kanga masa ashana. Na tumaki zai yi ƙaurin gashi ya bar toka mai murmushewa, na roba zai narke ya dunƙule da tauri. Na tumaki shi asu ke ci, saboda haka shi ne ba ya jiran ki. In kin ja zaren kin ga yana tsinkewa nan da can, asu ya riga ki, sai a tsince mai kyau a wanke. Na roba asu ba ruwansa da shi, sai dai a kula da yaro mai sanye da shi in ana jin ɗumin wuta. Wani abu kuma, kada a zuba kafur cikin kayan jariri don tsoron asu. Likitoci sun hana, domin yana iya jawo wa jinjiri shawara mai tsanani. A wanke, a shanya, a ɗaure a jaka mai rufuwa, ya wadatar.

Hausawa sun ce ba a fafe gora ranar tafiya, amma mu masu saƙa sai iskar hunturu ta fara kaɗawa a Disamba muke tuna da kibiya, kafin mu kai wuyan riga Fabrairu ta ƙare, zafi ya shigo, wa zai riƙe ulu a cinya a watan Afrilu? Sai akwati. Lokacin saƙar sanyi damina ce, sa'ad da gari ya yi laushi, ruwa kuma ya tsare mutum a ɗaki.

A makon nan dai abin da nake roƙo kaɗan ne. Ki fito da su duka ki jera a gado, ki ware wadda ta fi kusa da gamawa, ita kaɗai za ta shiga kwando. Sauran, wadda za a canja wa launi a rubuta mata takarda, wadda za a warware a kira yara su riƙe zare, suna son wannan aikin ƙwarai. Kada a sayi sabon dunƙule sai ta kwandon ta hau jikin mai ita.

Sai mako mai zuwa in Allah ya kai mu. A gai da yara.