Zauren Ɗalibai: Ina Ake Koyon Kimiyyar Binciken Laifi?

A wannan wata mun sami wasiƙa daga wata ɗaliba 'yar aji biyu a babbar sakandare, daga Zangon Kumasi. Ta ce tana sha'awar aikin masu binciken laifi ta hanyar kimiyya, wato waɗanda ke duba jini da zanen yatsa da gawa don gano gaskiyar abin da ya faru. Amma gida an ce mata wannan aikin Turawa ne na cikin talabijin, kuma ba ta san inda za ta fara ba. To, 'yarmu, ga amsa, kuma iyaye su ma su matso kusa.

Da farko, wannan ilmi ya daɗe da taɓa mu. A 1984 wani malamin Jami'ar Lesta ta Ingila, Alec Jeffreys, ya gano yadda za a bambanta mutum da mutum ta gwajin ƙwayar halitta da ake kira DNA. Shari'ar farko da aka warware da shi, a 1985, ta wani yaro ce ɗan asalin Gana. Ya zo gida ziyara, da ya koma Ingila sai jami'an shige da fice suka ce ba shi ne ɗan matar da ke kiransa ɗanta ba. Jininsa da na uwar da na 'yan'uwansa ne suka raba gardama, aka bar shi ya zauna.

Mun kuma tuna daren 3 ga Yuni 2015, lokacin da ambaliya da gobarar gidan mai suka haɗu a dandalin Kwame Nkrumah a Ankara, mutum fiye da 150 suka rasu. Iyalai sun yi ta zagaya mutuware suna neman nasu, wasu gawawwakin ba a iya gane su da ido. Haka 'yan matan Takoradi guda huɗu da aka sace a 2018: sai da gwajin DNA, a Satumba 2019, 'yan sanda suka sanar cewa ƙasusuwan da aka tono nasu ne.

Akwai wani abu da ya fi damun mu mutanen zango. Mu muna son a sallaci mamaci a kai shi makwancinsa a ranar. Dokar ƙasa kuwa, tun 1960, ta ce mutuwar da ba a san sanadinta ba sai an bincika. Sau nawa muka tsaya ƙofar asibiti muna jayayya da ma'aikata, su ba su gane gaggawarmu ba, mu kuma ba mu gane takardunsu ba? Da a ce akwai 'ya'yanmu cikin masu wannan aiki, masu jin Hausa, waɗanda suka san hukuncin gawa a Musulunci, da rabin wannan ɓacin rai ya ragu.

Yanzu ga hanya. Tun daga sakandare ake ɗaura ɗamara. Sai ɗalibi ya kasance a ɓangaren kimiyya, ya riƙe Kemistiri da Bayoloji da Fizis da Lissafi da kyau har jarrabawar WASSCE. Wanda ya tsani Kemistiri, gara ya sake shawara tun da wuri, domin yawancin aikin awo ne da gwaji da rubuta rahoto. Daga nan Jami'ar Cape Coast tana da sashe guda na wannan fanni, inda ake yin digiri na farko. Jami'ar Kimiyya da Fasaha ta Kwame Nkrumah, nan Kumasi kusa da mai wasiƙarmu, tana ba da digiri na biyu. Mai son ya zama likitan da ke binciken gawa kuwa, hanyarsa dabam ce kuma ta fi tsawo: shekara 6 na karatun likita, sannan ƙwarewa a ilmin cututtuka. Mutanen Nima da Mamobi su sani, ɗakin gwaje-gwajen 'yan sandan ƙasar nan yana Kawukudi, maƙwabcinsu ne. An sabunta shi a 2011 da taimakon Tarayyar Turai.

Kafin a kai can, me za a karanta? Littafin da ɗalibai da yawa ke farawa da shi shi ne Criminalistics na Richard Saferstein. Yana da tsada, amma tsohon bugu ya wadatar, a tambaya a laburare ko wajen masu sayar da tsofaffin littattafai. Wanda ya fi sauƙin karatu shi ne Forensics na Val McDermid, na 2014, labaran shari'o'i ne na gaske. Namu na gida kuwa, Nii Ayikwei Parkes ya rubuta ƙagaggen labari a 2009, Tail of the Blue Bird, kan wani matashin mai binciken gawa da aka tura wani ƙauye a Gana, inda iliminsa na Ingila ya ci karo da hikimar tsofaffi. Mun fi son a fara da shi. Mai waya da ɗan kuɗin data, shafin OpenLearn na Buɗaɗɗiyar Jami'ar Ingila yana da darussa kyauta, Khan Academy kuma na taimakawa wajen Bayoloji da Kemistiri.

A gida ma ana iya gwadawa. A goga fensir a takarda har wurin ya yi baƙi, a murza yatsa a kai, a manna salatif a yatsan, a ɓare, a liƙa kan farar takarda. Zane iri uku za a gani: mai lanƙwasa, wanda ya fi yawa, da mai zagaye kamar faifai, da mai tudu, wanda ba kasafai ake samunsa ba. In akwai Hassan da Usaini a gidan, a gwada nasu: ko da kamarsu ɗaya sak, zanen yatsunsu ya bambanta. Lokacin hutu kuma, zauren kotu a buɗe yake ga jama'a a yawancin shari'o'i. Ranar da ɗaliba ta ga lauya yana titsiye masani kan wanda ya ɗauki kwalba, wanda ya rufe ta, da wanda ya sa hannu, za ta gane dalilin da ya sa ake rubuta komai. Edmond Locard, wanda ya buɗe ɗakin gwajin 'yan sanda a birnin Liyon na Faransa a 1910, ya koyar cewa duk wanda ya shiga wuri yakan bar wani abu, yakan kuma tafi da wani abu. Amma abin da aka tsinta, in an yi sakaci da ajiyarsa, alƙali ba zai karɓa ba.

Ba za mu ɓoye wa iyaye ba, guraben aiki ba su da yawa. 'Yan sanda ne manyan masu ɗauka, sai Hukumar Ingancin Kaya da ta Abinci da Magunguna da manyan asibitoci. Saboda haka shawararmu ga mai wasiƙa ita ce, in ta samu Cape Coast, madalla. In ba ta samu ba, ta karanta Kemistiri ko Bayokemistiri a digiri na farko, ta ɗora na biyu a Kumasi. Ta haka ko ƙofar 'yan sanda ba ta buɗe ba, kamfanin magunguna da ɗakin gwajin asibiti suna nan. Ta kuma nuna wa Baba wannan shafi, ta ce muna gaishe shi.