A buɗe wa yara cikin kwamfuta su gani

Raina ya ɓaci a makon nan. Ɗan ƙanwata, mai aji biyu na babbar sakandare a nan yankinmu na Maska, ya kawo mini littafinsa yana murna ya ci jarrabawar kwamfuta. Ya zana komai tsaf, ya haddace sunayen sassa kamar karatun allo. Na ce masa, "To, ka taɓa riƙe RAM a hannunka?" Ya ce, "A'a Kawu, Malam dai ya zana mana a allo." Alhali a makarantarsu akwai ɗaki kulle da kwaɗo, cike da kwamfutocin da aka ce sun mutu.

Waɗannan matattun su ne littafin da ya kamata a koyar da shi. Sukudireba ɗaya ya isa. A zare waya daga bango, a kwance murfi, yara su zagayo. Ga babban allon da komai ke maƙale a jikinsa. Ga furosesa ƙarƙashin fanka, shi ke yin lissafi, kuma zafi yake yi sosai; shi ya sa idan ƙurar hunturu ta toshe fankar, na'urar kan kashe kanta. Ga akwatin wuta mai karɓar bolt 230 daga bango ya sauko da shi zuwa 12 da 5 da 3.3. Ga ma'ajiyar bayanai, ga RAM. Ɗan manomi ba zai sha wahalar bambanta su ba: ma'ajiya rumbu ce, RAM kuwa faifan da aka ɗebo hatsin yau a kai, da an ɗauke wuta sai ya koma wayam.

Abin da ya fi ƙona mini rai shi ne, da yawa daga cikin na'urorin nan ba mutuwa suka yi ba. Wata RAM ɗinta ne ya ɗan zame, a cire a goge bakinsa a mayar, ta tashi. Wata ɗan batirin nan mai faɗin kwabo, CR2032, shi ne ya ƙare, shi ya sa take manta kwanan wata. Yaron da ya ta da kwamfuta ɗaya da hannunsa ba zai sake jin tsoronta ba har abada.

Za a ce yara za su lalata kayan gwamnati ko wuta ta ja su. A hana su buɗe akwatin wutar kawai, sauran kuwa me ya rage a lalata?

Na sha faɗa, ciwonmu kwangila ne. A sayo kaya, a ɗauki hoto, a kulle ɗaki, ba kuɗin gyara, ba horon malami, ba sola. Wannan zalunci ne, ba sakaci ba. Tun 2015 JAMB ta mayar da jarrabawarta gaba ɗaya kan kwamfuta, WAEC ma ta fara da masu zaman kansu a 2024. Amma har yau ɗan ƙauye kan tafi Funtua ya zauna gaban na'urar da bai taɓa taɓawa ba, hannu na rawa, sannan a ce ya faɗi don ba ya da ƙoƙari.

Ku dubi masu gyaran waya na Farm Centre a Kano, ko na cikin kasuwar Funtua. Da kwancewa da ɗaurawa suka koya, suna ciyar da iyali. Shugabannin makarantu na Maska da Bakori da Ɗandume da Malumfashi, ba sai kun jira takarda daga Katsina ba. Ku gayyato mai gyara ɗaya, ku ba malamin kwamfuta makullin ɗakin nan kafin zangon karatu ya ƙare.