Kama da Wane Ba Ta Wane: Tantance Tsohon Garmaho da Shekarunsa

Gabatarwa

A cikin kayayyakin da zamani ya wuce ya bari, kaɗan ne suka bar wa harshen Hausa gado irin na garmaho. Har yau ana cewa mawaƙi ya fitar da faifai, alhali yawancin masu faɗar haka ba su taɓa ɗora faifai a kan garmaho ba. Kalmar garmaho aro ce daga Ingilishi, shi kuwa faifai sunan faifan rufe ƙwarya ne aka ba wa baƙon abu saboda kamannin siffa. Na'urar da ta jawo wannan faɗaɗa ma'ana tana nan jefi-jefi a ɗakunan ajiya na tsofaffin gidaje. Idan magada suka ci karo da ita, wasu kan watsar a matsayin tarkace, wasu kuma su ɗora mata shekarun da ba ta yi ba. Ra'ayin wannan maƙala shi ne, tsohon garmaho shaida ce ta tarihi, don haka a jikinsa ya kamata a nemi shekarunsa, kuma asalin sassansa sun fi kowane irin gyara daraja.

Taƙaitaccen Tarihi

Ba a iya ƙiyasta shekarun abu sai an san matakan da ya biyo. A shekarar 1877 Thomas Edison ya ƙirƙiro na'urar ɗaukar murya a Amurka, amma tasa a jikin wani abu mai siffar gwangwani take naɗar sauti. Emile Berliner, Bajamushe mazaunin Amurka, shi ne ya yi rajistar garmaho mai shimfiɗaɗɗen faifai a 1887. Na farkon da hannu ake juya su, sai a 1896 Eldridge Johnson ya ƙera musu inji mai naɗaɗɗen ƙarfe da ake yi wa wani kamar agogo. An kafa kamfanin Gramophone a Landan a 1898, kamfanin Victor kuma a Amurka a 1901. A 1906 Victor ya fito da Victrola, wanda aka ɓoye ƙahonsa a cikin akwati, a 1925 kuma aka fara ɗaukar murya da lantarki. A ƙarshen shekarun 1920 kamfanin Zonophone ya ɗauki waƙoƙi a Landan cikin harsunan Afirka ta Yamma, har da Hausa, domin sayarwa a wannan yanki.

Inda Ake Neman Shaida

Shaida ta farko ita ce siffar na'urar. Garmaho mai ƙaho a waje ya yi tashe ne a farkon ƙarni na 20, daga nan mai ɓoyayyen ƙaho ya ture shi. Na tafi-da-gidanka, mai kama da ƙaramin akwatin tafiya, ya bazu a shekarun 1920. Alal misali, samfurin 101 na His Master's Voice ya fito a 1925, samfurin 102 ya biyo baya a 1931, aka kuma ci gaba da ƙera shi har ƙarshen shekarun 1950. Ke nan siffa tana nuna zamani ne kawai, ba ta tsayar da shekara.

Shaida ta biyu ita ce rubutu. Victor yakan manna ɗan allon ƙarfe mai ɗauke da lambar samfuri da lambar ƙira, kuma masana sun tattara jadawalin da ke danganta waɗannan lambobi da shekaru. Sunan kamfani ma hujja ne. Daga 1900 zuwa 1907 kamfanin Landan yana amsa sunan Gramophone and Typewriter ne, saboda haka na'urar da ke ɗauke da wannan suna ta faɗi zamaninta da bakinta. Haka nan RCA ya sayi Victor a 1929, a 1931 kuma Gramophone da Columbia na Ingila suka haɗe suka zama EMI. Sai dai akwai kuskuren da ake yawan yi game da shekarun rajista da ake jerawa a jikin allon. Waɗannan shekaru ba na ƙira ba ne. Abin da suke nunawa kurum shi ne ba a ƙera na'urar kafin shekara ta ƙarshe da ke cikin jerin ba.

Shaida ta uku ita ce kan da ke riƙe da allura, wanda a cikinsa tantanin da ke fitar da sauti yake. Tantanin na farko da wani siririn ma'adini mai kama da gilashi ake yin sa, daga tsakiyar shekarun 1920 kuma alminiyam ya soma maye gurbinsa. Samfurin 101 ya zo da kai mai lamba 4, yayin da aka fi sanin 102 da 5A da 5B. Da yake wannan sashe cire shi ake yi a sauƙaƙe, shi aka fi musanyawa, don haka wajibi ne a duba ko ya dace da samfurin da yake kai.

Shaida ta huɗu tana ɓoye a cikin akwati. Idan aka ɗaga katakon da injin yake maƙale a jikinsa aka ga ramukan da babu komai a cikinsu, ko aka ga an toshe tsohuwar kafar hannun wani an huda sabuwa, to an taɓa sauya inji. Sukuru mai tsaga biyu masu gitta juna bai shiga masana'antu ba sai tsakiyar shekarun 1930, saboda haka ganinsa a jikin garmahon da aka ce na 1905 ne alama ce ta gyara ko ta algus.

Batun Hoton Kare

Babu abin da ya fi ruɗar masu saye kamar hoton karen nan da ke sauraron ƙaho. Francis Barraud ne ya zana shi, kamfanin Gramophone ya saya a 1899, amma sai a 1909 ya fara fitowa a kan fayafayan kamfanin a Ingila, bayan an daɗe ana amfani da wani tambari dabam. An shafe shekaru masu yawa ana buga hoton, kuma kwaikwayonsa ba shi da wuya. A kasuwannin kayan tarihi na duniya akwai garmaho masu ƙahon tagulla mai ƙyalli, waɗanda akasari a Indiya ake harhaɗa su. Sabon katako ne da sabon ƙaho, sai a ciro injin tsohon garmaho na tafi-da-gidanka a cusa, a manna hoton kare. Ana gane su da hannun wanin da ke shiga akwati a karkace, da gwiwar ƙaho mai kusurwa wadda aka haɗa da dalma maimakon lanƙwasa ɗaya sumul. Hausawa sun ce kama da wane ba ta wane.

Hujjar Masu Son Gyara

Wasu na ganin duk wannan bin diddigi ɓata lokaci ne. A wurinsu an yi garmaho ne domin ya yi waƙa, don haka duk abin da zai sa ya yi sauti a sa masa, a kankare shi, a shafa sabon fenti. Wannan magana tana da ƙamshin gaskiya ta fuska ɗaya. Akwai sassan da dole su mutu: robar da ke riƙe da tantani takan bushe, giris yakan daskare, naɗaɗɗen ƙarfen inji yakan tsinke. Ita allurar ƙarfe ma fuska ɗaya ta faifai aka yi ta ta kaɗa a jefar, domin idan ta dushe cin faifan take yi. Sauya irin waɗannan ba laifi ba ne.

Inda gizo ke saƙa shi ne sassan da ke ɗauke da shaida. Wanda ya kankare fenti ya tafi da tambarin kamfani da na ɗan kasuwar da ya sayar da na'urar, wanda sau da yawa shi kaɗai ke nuna hanyar da ta biyo. Wanda ya jefar da asalin kai ya sa na zamani ya shafe hujjar da ba za ta dawo ba. Garin neman gira an rasa ido ke nan. Hanyar da ta dace ita ce a ɗauki hoton kowane sashe kafin a taɓa shi, a rubuta abin da aka sauya da ranar sauyawa, a kuma adana tsohon sashen a cikin akwatin. Naɗaɗɗen ƙarfen kuwa a bar wa gwani, domin idan ya kuɓuce yana iya yi wa mutum mummunan rauni.

Haka kuma a kula da fayafayan. Garmahon wani an yi shi ne domin faifai mai nauyi mai juyi 78 a minti ɗaya. Fayafayan roba da suka fito a 1948 da 1949 ba sa jure allurar ƙarfe, kaɗawa ɗaya ta isa ta lalata su. Fayafayan da aka tarar tare da na'ura suna nuna lokacin da aka yi amfani da ita ne, ba lokacin da aka ƙera ta ba.

Kammalawa

Labarin da iyali ke bayarwa cewa kakansu ya sayo garmaho a shekara kaza yana da muhimmanci, kuma ya kamata a rubuta shi tun masu ba da shi suna raye. Amma sai an gwama shi da abin da siffa da rubutu da kai da inji suka nuna kafin a yanke hukunci, kamar dai yadda mai nazarin tsohon rubutun ajami ke auna takarda da tawada da salon hannu. Ɗalibin da zai zama malami yana da rawar takawa a nan, domin shi ne zai shiga garuruwa da ƙauyuka inda irin waɗannan kaya suke kwance. Idan ya ci karo da garmaho, ya rubuta lambobinsa, ya tambayi tarihinsa, ya kuma shawarci masu shi su nemi ma'aikatan gidan tarihi irin su Gidan Makama na Kano kafin su miƙa shi ga mai gyara ko dillali.