Ra'ayinmu: Wa ke ƙirga aikin 'yan baya a filayen Safana da Batsari?

Duk wanda ya taɓa tsayawa bakin filin ƙwallo da la'asar a garuruwan Safana da Batsari ya san yadda ake tashi daga wasa. Sunan wanda ya zura ƙwallo ne a bakin kowa, shi ake ɗagawa sama, shi ake ɗauka a waya a watsa a Facebook. Yaron da ya hana a ci ƙungiyarsa ƙwallo uku kuwa, sai ya kaɗe ƙurar jikinsa ya kama hanyar gida. Kura da shan bugu, gardi da karɓar kuɗi.

Wannan rashin adalci ba a filin ƙauye ya tsaya ba, yana bin yaro har inda ake zaɓen waɗanda za su ci gaba. Ɗan wasan gaba yana da shaida a hannu, wato yawan ƙwallayen da ya ci. Ahmed Musa ya zura 18 a kakar 2009 zuwa 2010 yana Kano Pillars, kuma a shekarar 2010 ɗin ƙungiyar VVV-Venlo ta ƙasar Holan ta ɗauke shi. Alƙalami ɗaya ya isa ya gabatar da shi. To mai tsaron baya daga Babban Duhu, da me zai gabatar da kansa?

Arewa ba ta rasa 'yan baya ba. Shehu Abdullahi ɗan Sakkwato ya bi ta Kano Pillars har ya ci lambar tagulla da Najeriya a gasar Olamfik ta Rio a 2016. Jamilu Collins ɗan Kaduna ya buga gasar Bundesliga ta Jamus da Paderborn. Zaidu Sanusi ɗan Jega ya koma FC Porto a 2020. Abin lura shi ne, ranar da sunan Zaidu ya fi yawo a wayoyin mutane ita ce ranar da ya ci Benfica ƙwallo ana dab da tashi, a watan Mayun 2022, ƙwallon da ta ba Porto kofin gasar lig ta Portugal. Mai tsaron baya ma sai ya yi aikin ɗan gaba ake tunawa da shi.

A wasu ƙasashen an daɗe da gano cewa aikin tsaro yana ƙirguwa. A ƙwallon Amurka, wadda ake gudu da ita a hannu, ƙungiyoyi 32 na gasar NFL kan zaɓi ɗaliban jami'o'i zagaye bakwai duk shekara, kuma kafin ranar zaɓen an tattara bayanin duk wasan da yaro ya buga, an auna gudunsa da tsallensa a birnin Indiyanapolis. A ƙwallon ƙafar da muka sani, Leicester City ta sayo N'Golo Kante daga Caen ta Faransa a 2015 kan abin da bai kai fam miliyan 6 ba, bayan alƙaluma sun nuna yawan ƙwallon da yake ƙwacewa. Shekara guda bayan haka ta ci gasar Firimiya, Chelsea kuma ta saye shi kan sama da fam miliyan 30. Da Leicester ta tashi cike gurbinsa, Wilfred Ndidi ta ɗauko daga Genk ta Beljiyam a Janairun 2017, shi ma ya zo ya fi kowa ƙwace ƙwallo a kakar 2017 zuwa 2018.

Sai dai a yi hattara, alƙaluma ma suna yaudara, kuma sun fi yaudara a kan 'yan baya. A ɗauka yara biyu ne. Na farko ya ƙwace ƙwallo sau takwas a wasa, na biyu sau uku. A takarda na farko ya yi nasara. Amma idan ƙungiyar na farkon rauni gare ta, ana matsa mata tun daga farko har ƙarshe, dole aiki ya yi masa yawa. Na biyun kuma wataƙila ƙungiyarsa ce ke riƙe da ƙwallo, sau uku kacal aka zo wajensa kuma sau uku ya tare. Wani lokacin ma yawan zamewa a ƙasa alama ce ta cewa yaro bai iya tsayuwa inda ya dace ba, kullum a makare yake isa.

Manya ma sun faɗa wannan rami. A 2001 Alex Ferguson ya sayar wa Lazio da Jaap Stam yana ganin ƙarfinsa ya fara raguwa, amma Stam ya ci gaba da buga wasa a manyan ƙungiyoyin Italiya shekaru da dama, daga baya Ferguson ya amsa cewa kuskure ya yi. Virgil van Dijk kuwa ya gama kakar Firimiya ta 2018 zuwa 2019 ba tare da wani ya yanke shi ya wuce ba. Darajarsa tana cikin abin da bai bari ya faru ba, kuma irin wannan sai an zauna an kalli wasa da natsuwa ake iya rubuta shi.

Don haka ba muna cewa takarda ta maye gurbin idon tsohon koci ba ne. Gani ya kori ji. Abin da muke cewa shi ne ido yana da son kai, yana da mantuwa, kuma ba ya zuwa ko'ina. Wannan na ƙarshen shi ne babbar matsalar yammacin Katsina. Shekarun da aka kwashe ana fama da 'yan bindiga a garuruwan da ke gefen dajin Rugu sun sa baƙo yana tunani sau biyu kafin ya kama hanyar Batsari ko Safana. Mai neman 'yan wasa zai tsaya a filin Muhammadu Dikko da ke cikin birnin Katsina, ya kalli waɗanda suka iya kawo kansu, ya koma. Yaron da ba shi da kuɗin mota ko uban gida ba ya cikin lissafi. Inda mutum ba ya zuwa, takarda da bidiyo suna iya fitowa.

Abin da ake buƙata bai fi ƙarfin kowace ƙaramar hukuma ba. A kowane wasan gasa a samu mutum biyu da littafi da biro, da wani mai riƙe da waya a wuri mai tudu. A rubuta mintunan da kowane yaro ya buga. A rubuta sau nawa aka tunkare shi da ƙwallo da sau nawa aka wuce shi, sau nawa ya tashi sama da abokin hamayya da sau nawa ya yi nasara, sau nawa ya tsinke ƙwallon da aka aika wa wani, sau nawa ya yi ƙeta, da kuma ko ƙwallon da ya ƙwace ta kai ga ɗan ƙungiyarsa. A raba komai da mintunan da ya buga don kada a haɗa mai wasa biyu da mai wasa goma a ma'auni ɗaya. Wasa ɗaya ba ya nuna gwani, amma kaka guda tana nunawa.

Akwai alƙalami ɗaya da ya fi duk waɗannan muhimmanci, shi ne shekarun haihuwa. Idan mai shekara 21 yana wasa cikin 'yan shekara 15, duk abin da aka rubuta a kansa ƙarya ne. Najeriya ta ci kofin duniya na 'yan ƙasa da shekara 17 har sau biyar, a 1985 da 1993 da 2007 da 2013 da 2015, amma a 2016 gwajin ƙashi na MRI ya zubar da 'yan wasa da dama daga tawagar, Nijar kuma ta fitar da ita a wasan neman gurbi. Takardar haihuwa daga Hukumar Ƙidaya ta Ƙasa da rajistar makaranta su ne tushen duk wata ƙididdiga mai amfani. Iyaye su san cewa rage wa yaro shekaru ba gata ba ne.

Ga kuma maganar kuɗi. Dokar FIFA ta ware kashi 5 cikin 100 na kuɗin sayar da ɗan wasa daga wata ƙasa zuwa wata ga ƙungiyoyin da suka rene shi tsakanin shekara 12 zuwa 23. Tun daga 2022 FIFA na bin rajistar da ke cikin kwamfuta ne wajen tantance waɗanda za a biya. Ƙungiyar unguwar da ba ta yi wa yaronta rajista ba, ta yi noma ne wani zai girbe. Haka nan FIFA ta hana fitar da yaro ɗan ƙasa da shekara 18 zuwa ƙungiyar waje, sai a wasu 'yan yanayi ƙalilan. Duk dillalin da ya zo yana neman a sayar da gona ko shanu don ya kai ɗan shekara 16 Turai, a tambaye shi wannan doka tukuna.

Muna kira ga hukumar ƙwallon ƙafa ta Jihar Katsina da ma'aikatar matasa da wasanni su fitar da takardar bayanin wasa iri ɗaya ga duk gasannin ƙananan hukumomi, su horar da malaman motsa jiki da matasa masu sha'awa kan yadda ake cike ta, su kuma ajiye bayanan inda kowace ƙungiya za ta iya dubawa. Katsina United ta fara duba wannan rumbu kafin ta kira gwajin 'yan wasa. 'Yan siyasar da ke sa kofi kuma su ware wani abu daga kuɗin riguna da kiɗa don littafi da bidiyo, su kuma ƙara kyautar gwarzon mai tsaron baya kusa da ta mai yawan ƙwallaye.

Ba kowane yaro ne zai kai Porto ba, kuma bai kamata a yi wa kowa wannan alƙawari ba. Amma kowane yaro ya cancanci a auna shi da abin da ya yi a fili, ba da wanda ya sani a birni ba. Hausawa sun ce rashin sani ya fi dare duhu. Wataƙila a yammacin yau akwai wani yaro a Babban Duhu da ba a yanke shi ba tun farkon kaka, kuma babu wanda ya rubuta.