Rama a ƙofar mota: ina Nijeriya take a wannan ciniki?

Ramar da ake kwaɗo da ganyenta, ake tufka igiya da ɓawonta, ta daɗe da shiga masana'antar ƙera motoci. Tun shekarar 2000 kamfanin Toyota ya sa zarenta a bangon ciki na ƙofar motarsa Celsior, Ford ma ya bi sahu a Escape ƙirar 2013.

Zaren rama cike yake da ƙananan kafofi. Idan ƙara ta shige su sai ta yi ta gogayya, ƙarfinta ya ragu kafin ta isa kunnen fasinja. Ga shi bai kai zaren gilashi nauyi ba, mota mara nauyi kuwa ba ta shan mai sosai. Motocin lantarki sun ƙara masa daraja, domin da zarar ƙarar inji ta kau sai gurnanin taya a kan kwalta ya fito fili. Rauninsa shi ne shan danshi da yin wari, shi ya sa ake gauraya shi da roba.

Tsarin bunƙasa masana'antar motoci na Nijeriya na 2023 yana son kashi 40 cikin 100 na kayan haɗa mota su fito daga cikin gida, kuma cibiyar binciken noma ta IAR&T da ke Ibadan ta daɗe tana aiki kan irin rama. Noman ba baƙo ba ne a Arewa. Abin da ya yi ƙaranci shi ne injin ɓare kara da masana'antar tace zare. Kamfanin mota yana son kaya iri ɗaya duk shekara, ba zai karɓi zaren da aka jiƙa a kududdufi ba, yau fari gobe baƙi.