Majigin Jamus Mai Tafiyar Hawainiya: Wa Ya Kashe Efi?

A cikin shekarar 1974 wani Bajamushe gwanin majigi, Rainer Werner Fassbinder, ya fitar da wasan Effi Briest, hoton fari da baƙi, tsawonsa ya haura awa 2. Ya ɗauko shi ne daga littafin da Theodor Fontane ya wallafa a 1895. Waɗansu masu kallo sun zarge shi da nawa, suka ce tafiyarsa ta hawainiya ce. Lalle akwai nawa, amma nawar nan ita ce hujjarsa.

Ga yadda labarin yake. Efi yarinya ce 'yar shekara 17, iyayenta suka aurar da ita ga Baron Innstetten mai shekara 38, wanda a dā ya nemi uwarta bai samu ba. Muƙaminsa kamar na hakimi ne a Kessin, wani ƙaramin gari na bakin teku. Ya ba ta ci da sha da sutura, amma bai ba ta hira ba, har ya bar ta cikin tsoron fatalwar da ake cewa tana yawo a gidan. Kaɗaici ya ja ta ga wani hafsa, Manjo Crampas. Daga baya aka ɗaukaka mijin zuwa Balin, al'amarin ya mutu.

Bayan shekara 6 da ɗoriya sai mijin ya tsinci tsofaffin wasiƙu. A nan zuciyar wasan take. Ya shaida wa amininsa cewa ba ya jin ƙiyayya, har yanzu yana son matarsa, yana ma waswasi ko laifi yakan tsufa ya faɗi. Amma magana zarar bunu ce: tun da mutum na biyu ya ji, ya ga babu komawa. Ya kira Crampas fito-na-fito da bindiga bisa al'adar manyansu, ya harbe shi, ya saki Efi, ya raba ta da 'yarta. Iyayenta suka rufe mata ƙofa don tsoron bakin mutane, ba su buɗe ba sai da ciwo ya ci ƙarfinta, ta komo gida ta mutu.

Babu mai wanke Efi, ta ci amanar aure. Amma malami ya duba wannan hukunci: mutum guda shi ne mai ƙara, shi ne alƙali, shi ne hauni, kuma abin da ya tura shi tsoron a ce ne. Ɗan kasuwa kuma ya duba cinikin: an ba da 'ya don a sayi muƙami, aka yi asarar uwa da riba.

Wannan ne dalilin nawar. Gara ba ta cin azara a yini guda, kuma daga waje ɗaki lafiya lau yake. Don haka Fassbinder ya tsai da mutanensa a gaban madubai da bayan labule, suna magana a sanyaye, hoto yana dusashewa ya koma fari fat. Aibinsa guda, shi da kansa yakan karanta dogayen sassa na littafin, har mai kallo ya zaci darasi ake ba shi.

Abin mamaki, labarin yana da tushe. A 1886 hafsa Armand von Ardenne ya harbe alƙali Emil Hartwich saboda matarsa Elisabeth. Ita kuwa ba ta mutu don baƙin ciki ba, ta kama aikin jinya, ta rayu har 1952, tana da shekara 98.

Wanda ke neman dariya ya nemi wani majigi. Amma uban da ke shirin ba da 'yarsa don sunan gida, ya kamata ya haƙura ya zauna har ƙarshe, ya ji tambayar da uwar Efi ta yi wa mijinta kusa da kabarin 'yarsu: ko laifin nasu ne?