Yankan Jeri a Python: Laifin Koyarwa Ne, Ba Na Ɗalibi Ba

Duk wanda ya fara koyon rubuta manhaja da harshen Python, akwai darasin da kan tsaya masa a wuya tun a makonnin farko: yadda ake yanko wani sashe daga cikin jeri. Ɗauki jerin kwanakin mako, daga Lahadi zuwa Asabar, ka rubuta kwanaki[1:4]. Sabon ɗalibi yana sa ran ganin kwana huɗu, Lahadi zuwa Laraba. Kwamfuta kuwa sai ta ba shi uku: Litinin, Talata da Laraba. Idan hakan ta maimaitu, wasu kan yanke hukuncin cewa ba su da kan wannan aiki, su ajiye karatun.

A ganina hukuncin nan zalunci ne ga kai, kuma yawancin laifin yana wuyan masu koyarwa. Abin da aka saba faɗa wa ɗalibi shi ne: ƙirga na farawa daga sifili, kuma lambar ƙarshe ba ta shiga. Ya haddace, ya manta, ya sake haddacewa, domin an ba shi doka ba tare da dalilinta ba.

Dalilin kuwa yana nan, kuma mai sauƙi ne. Ka ɗauki jeri tamkar sandar rake, lambobin nan kuma su ne wuraren da wuƙa ke sauka. Sifili shi ne gindin sandar, ɗaya shi ne mahaɗar da ke bayan gaɓar farko, haka har ƙarshe. Wanda ya sara a ɗaya, ya kuma sara a huɗu, gaɓa uku ce za ta rage a hannunsa. Tela ma haka yake aiki: awonsa daga sifili yake tashi.

Ba da ka aka zaɓi wannan tsari ba. A 1982 masanin kwamfuta ɗan ƙasar Holan, Edsger Dijkstra, ya rubuta gajeriyar takarda yana kare shi, kuma Python, wanda Guido van Rossum ya fitar a 1991, a kansa ya tafi. Amfaninsa biyu ne. Na farko, tsawon abin da aka yanko shi ne lambar ƙarshe a debe ta farko: huɗu a debe ɗaya, uku. Na biyu, idan aka haɗa kwanaki[:5] da kwanaki[5:], mako ya dawo cikakke, babu ranar da ta faɗi, babu wadda ta maimaitu.

Wani zai ce ai R da MATLAB daga ɗaya suke ƙirga, kuma ana aiki da su lafiya. Gaskiya ne, kuma wannan ma hujja ce cewa ruɗewar ɗalibi ba wauta ba ce: al'ada ce ta ci karo da wata al'ada. Misalin raken ma yana da iyaka. Yana bayyana kwanaki[-2:], wato Juma'a da Asabar, amma yana ruɗarwa idan ana tafiya da baya, kamar a kwanaki[4:1:-1], mai bayar da Alhamis, Laraba da Talata. Saboda haka bai kamata a cusa wannan a darasin farko ba, kamar yadda wasu atisaye ke yi.

Batun ya wuce cin jarrabawa. Idan ka nemi kwanaki[7], Python zai tsaya ya sanar da kai kuskure. Amma kwanaki[5:100] zai ba ka kwana biyu, bai ce uffan ba. Kuskuren yanka ba ya ihu. Ma'aikacin da ke raba jerin albashi gida-gida zai iya zubar da suna ɗaya a kowane kashi, ba wanda zai sani sai mai haƙƙi ya zo ƙorafi.

Don haka malami ya fara da takarda da alƙalami. A zana jerin, a sa lambobi a tsakanin gidaje, ɗalibi ya faɗi amsar da yake tsammani kafin ya taɓa kwamfuta. Wanda ya gane inda wuƙa ke sauka ba ya bukatar hadda.